Abin da Aka Gani a Mahaifar Auta

Auta tana cikin zuba burodi a leda wayar marigayi mijinta ta yi ƙara a aljihun rigar aikinta. Tun da ya rasu ba ta kashe layin ba. Kullum tare take yi musu caji da tata, domin har yanzu ana nemansa. Wannan firjinsa ya daina sanyi, wancan fankarsa tana kuka, wata kuma iyakwandishan ɗinta yana zubar da ruwa a bango. Duk wanda ya kira sai ta bari ya gama zayyana damuwarsa, sannan ta gaya masa Injiniya ya rasu. Wasu su yi mata gaisuwa, wasu su daburce su kashe waya. Akwai wani dattijo da ya tambaye ta ko ta san wani mai gyaran kirki. Ba ta ji haushinsa ba, nama ne cike da firjin mutumin.

Ta goge hannu a jikin riga, ta matsa nesa da injin yanka burodi don ta ji da kyau. Muryar mace ce, mai saurin magana. Ta ce ita nas ce daga asibitin mata, Injiniya take nema, ko kuwa matarsa ce a kan layi? Auta ta ce ita ce. Nas ɗin ta yi dariya ta ce ai gara ma da aka samu mai gayya. Layi ya zo kanta, likita za ta duba ta, sai ta zo da zarar ta gama al'adar wannan watan. Ta ci abinci kaɗan kafin ta taho, ta sha maganin ciwo, ta zo da wanda zai raka ta gida. Kuma a gaya wa Injiniya na'urar da ya ɗaura musu tana nan tana aiki kamar sabuwa.

Maganar da Auta ta saba faɗa wa kowa tana nan a bakinta, amma ta kasa fitowa. An daɗe ba ta ji wani ya ambace shi kamar mutumin da ya fita aiki zai dawo anjima ba. Sai kawai ta ce to, ta gode. Ta mayar da wayar aljihu, ta koma kan burodinta.

Shi dai Injiniya ba injiniya ba ne, mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki. Abokansa ne suka laƙa masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓe hannu biyu, har mahaifiyarsa ta koma kiransa da shi in tana so ta zolaye shi. A nan gidan burodin suka haɗu. Ya zo gyaran babban firjin da ake ajiye bota, aikin da bai kamata ya wuce yini guda ba, amma ya yi ta samun abin da ya manta yana dawowa, har mai gidan burodin ya ce ko dai ya aure ta ko ya bar masa firji ya huta.

Sun haura shekara goma tare a ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, wanda rabinsa tsofaffin injinan firji ne da ya ce wata rana za su yi amfani. Haihuwa ce ba ta zo ba. Wani lokaci al'adarta ta yi jinkiri, su yi ta kallon juna ba mai cewa komai don kada baki ya ɓata, sai kuma jinin ya zo da ƙarfinsa. Dama can jininta mai yawa ne, yana daɗewa, kuma tsakanin wata da wata ba ta rasa ɗigo. Sun je asibitoci. An gwada shi an ce lafiyarsa ƙalau. An yi mata hoton ciki ba sau ɗaya ba, ana shafa mata wannan man mai sanyi a mara, a ce ba a ga wani abu ba, ta sha waɗannan ƙwayoyin ta dawo. Ta sha, ta dawo, ta sake sha. Shi kuwa in an tambaye shi ina yara, sai ya ce suna hanya, cunkoson motoci ne ya riƙe su. Ana dariya, yana dariya. Ita kaɗai ta san yadda yake daɗewa a bakin ƙofa in yaran maƙwabta suna ƙwallo.

Wata rana ya dawo daga aiki bai ko cire takalmi ba ya fara ba ta labari. Ya je ɗaura iyakwandishan a wani asibitin mata, yana kan tsani ya hango wata na'ura, ya tambayi nas, ita kuma ta yi masa bayani. Sunan abin ya gagare shi, ya gwada ya gwada harshensa ya harɗe, sai ya raɗa masa leƙen mahaifa. Ya ce wani siririn bututu ne mai fitila da kyamara a kansa, ana shigar da shi a ga cikin mahaifar ido da ido, ba yanka ba ɗinki. Ya ce duk hotunan da aka yi mata daga waje aka ɗauka, kuma shi a sana'arsa sau nawa yake kasa kunne a jikin firji ya rantse lafiya lau, sai ya kwance bayansa ya tarar da ɗan abin da ya toshe. Auta ta ce wato firji ya mayar da ita. Ya ce firji mai tsada kuwa, wanda ba a bai wa yaron shago.

Sun je tare aka buɗe mata kati. Wani likita ya yi mata tambayoyi, ya ce masu jira suna da yawa, na'urar kuma guda ce, za a kira su. Injiniya ya ba da lambarsa, don ya ce ita in tana gaban injin ba ta jin waya.

Ba a kira ba har ranar da tsani ya zame da shi daga hawa na uku na wani bene, yana ɗaura na'ura a bangon waje. Da rana tsaka aka zo gidan burodi aka ɗauke ta, da fulawa a hannunta. Kafin ta isa ya cika. A watan farko bayan rasuwarsa al'adarta ta yi jinkiri, ba ta gaya wa kowa ba, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a faranti. Sai jinin ya zo. Daga nan ba ta sake tuna maganar asibiti ba.

Da ta tashi aiki ranar da nas ta kira, gidan yayarta ta biya. Yaya mace ce mai jiki da murya, mai 'ya'ya biyar, wadda ko kallon tukunya take yi sai ta yi mata faɗa. Auta ta ba ta labarin, ta ce ita ba za ta je ba, me za ta je nema yanzu. Yaya ta ajiye ludayi ta juyo gaba ɗaya. Ta ce ita ba maganar haihuwa take yi ba, maganar jini take yi. Ta ja fatar idon Auta ƙasa ta ce ta dubi madubi, fari fat kamar takarda. Ta tuna mata ranar da jiri ya kwashe ta a gaban tanda, da ba don an tare ta ba da yanzu wani labarin ake yi.

"Mutum ɗaya muka rasa, ya ishe mu," in ji Yaya. "Za ki je, kuma ni zan kai ki."

Ɗakin jiran asibitin dogo ne, kujerun roba a jere a jikin bango. Mata masu ciki sun fi yawa, wasu da mazajensu a gefe suna riƙe musu jaka suna latsa waya. Yaya ba ta yi minti biyar ba ta san watan haihuwar kowa a layinsu. Auta kuwa ta ɗaga kai don ta huta da kallon cikin mutane, sai idonta ya faɗa kan iyakwandishan ɗin da ke saman ƙofa. Bututun da ya fita ta bango an naɗe shi da farin tef, kowane zagaye ya hau rabin na baya, ƙarshensa an lanƙwasa shi ciki don kada ya ɓalle. Ta sha ganin yatsun da ke yin wannan naɗin. Sanyin yana sauka daidai kan wuyanta. Ta tashi ta koma wata kujera, ta ce wa Yaya sanyi ya yi mata yawa.

Nas ɗin da ta kira ta gajeriya ce mai fara'a, tana tafiya kamar ana kora ta. Ta miƙa wa Auta 'yar kwalba ta ce a kawo fitsari, sai an tabbatar babu ciki kafin a taɓa mahaifa. Auta ta ce babu. Nas ta ce haka kowa ke faɗi, kuma ta taɓa ganin wadda ta rantse babu aka samu akwai. Auta ta karɓi kwalbar ta shiga banɗaki. Da ta fito ta zauna tana kallon nas ɗin tana tsoma ɗan tsinken gwajin, kuma duk da ta san amsar tun watannin baya, sai da ta bi shi da ido har ya nuna layi ɗaya.

Aka ba ta rigar asibiti mai ɗauri a baya. Yaya ta so ta shiga, aka ce ta jira a waje, ta zauna tana mita.

Likitar dattijuwa ce, furfura ta fara leƙowa ta gefen hularta, tana magana a hankali kamar ba ta da sauran marasa lafiya. Kafin Auta ta kwanta sai da ta ɗauko abin ta nuna mata. Dogo ne siriri, bai kai kaurin fensir ba. Ta ce sunansa na asibiti histaroskofi, amma kada ta wahalar da kanta da sunan. Ta hanyar da jinin al'ada ke fitowa za a bi, a wuce bakin mahaifa a shiga ciki. Ita mahaifa in babu komai a cikinta a tsuke take, bangonta na manne da juna, don haka za a riƙa tura ruwan gishiri mai tsabta ta cikin bututun ya buɗa ta a samu wurin gani. Za ta ji murɗa kamar ta al'ada, wata ta fi wata ji. In ya yi mata yawa ta yi magana a tsaya. In an ga wani ɗan abu da za a iya cirewa nan take, za a cire idan ta yarda. Auta ta ce ta yarda.

Ta hau gadon, aka ɗora ƙafafunta a kan maɗori, aka lulluɓe ta da zane daga ƙugu. Nas ta tsaya a gefen kanta ta riƙe mata hannu, tana tambayarta ko gaskiya ne masu aikin burodi ba sa cin burodi. Auta ta fara amsawa ke nan ta ji sanyin ruwa, sai kuma mararta ta murɗa, murɗa mai nauyi da ta gangara har cinya. Ta damƙe hannun nas. Likita ta ce ta ja numfashi a hankali, bakin mahaifar ake wucewa, nan ne wurin da ya fi matsi. Can kuma sai ciwon ya lafa, ya koma nauyi kawai.

Likita ta tambaye ta ko tana so ta gani. Nas ta juyo mata da allon.

Auta ba ta san abin da ta zaci za ta gani ba. Shekara da shekaru tana ɗaukar wurin nan kamar wani kango mai duhu, abin da ya lalace tun asali. Abin da ke kan allon kuwa fili ne mai haske, launinsa kamar cikin kumatu, sumul, da 'yan siraran jijiyoyi ja a jikinsa. Wasu 'yan kumfa suna yawo a cikin ruwan. Likita tana juya bututun a hankali tana gaya mata inda suke. Wannan bangon gaba, wannan na baya. Wannan ɗan baƙin ɗigon da ke can kusurwa ƙofar hanyar da ƙwai ke biyowa ce, ga ɗayar kuma a ɗaya gefen.

Sai likitar ta ɗan ja baya, ta sake matsawa. Can sama, kusa da tsakiya, wani abu yana reto a cikin ruwan, a rataye da ɗan siririn wuya. A kan allo ya yi girma, amma likita ta ce kada ya tsorata ta, bai fi kan ɗan yatsa ba. Tsiro ne daga jikin shimfiɗar mahaifar. Irinsu da yawa ba su da wata illa, amma suna sa zubar jini, kuma mai laushi irin wannan yakan kwanta ya ɓoye wa hoton da ake ɗauka daga waje.

Likita ta zura wani ɗan almakashi ta cikin bututun. Auta tana kallo bakinsa ya bayyana a allon, ya buɗe, ya kama wuyan tsiron. Ta ji an tsunkule ta can ciki, ruwan ya yi ja na ɗan lokaci sannan ya washe. Da wani ɗan hantsaki aka kamo abin aka fito da shi. Inda yake a da sai ɗan tabo. Duka aikin bai kai lokacin da burodi ke yi a tanda ba.

Nas ta sa shi a 'yar kwalba mai ruwa, ta ɗaga ta nuna mata kafin ta rubuta a jiki. Ɗan nama ne jajaja, a kwance a gindin kwalbar. Auta ta daɗe tana kallonsa.

Likita ta cire safar hannu ta jawo kujera kusa da gadon. Fuskarta a sake take, irin ta wanda aiki ya yi wa kyau. Ta ce za a aika da tsiron a gwada don a tabbatar, amma a idonta ba mugu ba ne. Za ta ga ɗan jini da ruwa na kwana biyu, da 'yar murɗa. In ta ji zazzaɓi ko ciwo mai tsanani ko jini ya yi yawa ta dawo ba jira. Sannan ta buɗe katin ta duba abin da likitan farko ya rubuta, ta gyaɗa kai. Ta ce ba za ta yi mata rantsuwa ba, don sanin wannan sai Allah, amma tsiron ya zauna ne daidai inda ciki ke neman wurin kamawa. Ta ga mata da dama da suka yi shekaru suna nema, aka cire musu irin wannan, ba a daɗe ba suka dawo awo. Sauran mahaifar kuwa lafiya lau, ba ta ga abin kushewa ba.

"Ki gaya wa maigida ya kwantar da hankalinsa," in ji likita tana murmushi. "Ku bari wata guda ya wuce, sannan ku ci gaba da nema."

Nas ta ce ai ita za ta kira shi da kanta ta karɓi tukwicinta, don shi ya dame su da tambaya yana kan tsani.

"Ya rasu," in ji Auta.

Ba ta ɗaga murya ba. Nas ta tsaya da kwalbar a hannu. Likita ta dubi katin, ta dubi Auta, ta rufe katin a hankali. Ta tambayi yaushe, Auta ta gaya mata. Nas ta ce amma ranar da ta kira, sai kuma ta kasa ƙarasawa, ta ajiye kwalbar ta juya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Likita ta ce ta yafe mata, ba ta sani ba. Auta ta ce ba komai, ita ce ba ta faɗa ba.

Abu ɗaya ta tambaya. Tun yaushe tsiron yake ciki?

Likita ta girgiza kai. Ta ce babu mai iya faɗa. Yana iya zama shekaru, tunda ta ce jinin ya daɗe yana damunta haka. Yana kuma iya zama daga baya ya fito, abin da ya hana haihuwar wani ne daban da ba a gano ba. Ta ce da tana da amsar da ta fi wannan da ta ba ta. Auta ta gane matar ba ta so ta yi mata ƙarya, ko mai daɗi ko mai ɗaci, ta yi mata godiya.

A ɗakin hutawa Yaya ta ji labari ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah. Ta ce ɗan wannan abin, ɗan wannan abin ne ya wahalar da su haka. Sai ta ga fuskar ƙanwarta, ta nemi gyarawa, ta ce ai Auta yarinya ce har yanzu, gaba tana da yawa, wa ya san abin da Allah ya ajiye mata. Auta ta ce, "Yaya, don Allah." Har suka isa gida a tasi Yaya ba ta ƙara cewa komai ba, abin da Auta ba ta taɓa gani ba tun tasowarsu. Hannunta dai yana kan gwiwar Auta.

Sakamakon ya fito kamar yadda likita ta zata, ba mugun tsiro ba ne. Da watan ya zagayo jinin ya zo daidai, ba yawa, ya ɗauke a kan lokaci, ba ɗigo a bayansa. Wata na gaba ma haka. Jiri ya bar ta, idonta ya yi ja, abokan aiki suka fara cewa ta yi kyau. Tana iya tsayuwa a gaban injin tun safe har a tashi ba ta nemi kujera ba. Jikinta ya gyaru tsaf, yana aikinsa kowane wata, kuma wannan ne ya fi komai yi mata ciwo. Takan zauna a tsakar gida cikin tsofaffin injinansa ta yi ta lissafin da ba shi da amfani. Da an kira su tun yana nan. Da wani a cikin likitocin baya ya ce a leƙa. Ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi, kuma ta nema.

Saura mutum ɗaya da ba a gaya wa ba, mahaifiyar Injiniya. Shi Tsohuwa yake ce mata, Auta kuwa Mama. Shi kaɗai ta haifa. Tun da gwiwoyinta suka ƙi, a ɗaki ɗaya take zaune a gidan ɗan ƙaninta, da rediyonta da kwandon magunguna a kan taga. Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa yi wa Auta gorin haihuwa ba. In 'yan uwa suka fara zancen sai ta tare, ta ce daga wajensu ne, su danginsu ba su da yawan haihuwa, ita ma da ƙyar ta samu guda. Ta san an gwada ɗanta an ce lafiyarsa lau, amma haka ta ci gaba da faɗa.

Yaya ta ce kada a gaya mata, me zai ƙara mata ban da baƙin ciki. Auta ma haka ta yanke. Ranar hutunta ta ɗauki burodi mai laushi, irin wanda tsohuwar ke iya taunawa, ta tafi. Ta share ɗakin, ta canja zanen gado, sannan ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafar Mama a cinya tana yanke mata farce, aikin da ɗanta ke yi a da. Mama tana kallonta daga sama. Ta ce ta ga jini ya dawo mata fuska, me ta sha? Auta ta ce asibiti ta je. Mama ta ce wane, ko wanda yaron nan ya yi ta ba ta labari, mai kyamara? Ashe ya gaya mata. Ya ce mata ta shirya bayanta, goyo na nan tafe.

Daga nan Auta ta kasa riƙewa. Kanta a sunkuye, ƙafar tsohuwar a hannunta, ta faɗi komai: tsiron, da inda ya zauna, da abin da likita ta ce, har da cewa ba tabbas. Mama ta miƙa hannu ta kashe rediyo. Sannan ta tambayi girmansa. Auta ta nuna mata kan ɗan yatsanta. Tsohuwar ta kama yatsan ta juya shi, ta dube shi da kyau, ta sake.

Ta ce ashe yaron ya yi gaskiya, da ma shi tun yana ƙarami in ya ce abu ya toshe to ya toshe. Ta tambayi yadda cikin yake. Auta ta gaya mata, da hasken, da launin, da 'yan ƙofofin nan biyu. Mama ta ce ikon Allah, ita ta ɗauki mutum wata tara a wurin ba ta taɓa sanin kamanninsa ba.

Sannan ta gyara zama, muryarta ta koma irin wadda take aiken yara da ita.

"Ki saurare ni. Ba yau ba, ba gobe ba, amma in mutumin kirki ya zo, kada ki ce za ki zauna saboda ni ko saboda shi. Ya sha wahalar nemo miki maganin nan. Kada ki bar shi ya tashi a banza."

Auta ta ce ita ba ta son kowa, ɗansa take so, mai irin kunnuwansa.

"Na sani. Wannan kam ya wuce mu, ni da ke," in ji Mama. "Amma in kin haifa, ko na wane ne, ki kawo mini in riƙe."

Auta ta kifa kai a gwiwar tsohuwar ta yi kukan da ba ta yi ba a asibiti, ba ta yi ba a gaban Yaya. Mama tana shafa mata baya, idonta a bushe. Da kukan ya lafa sai ta ce ta tashi ta ƙarasa mata farcen, ba za a bar ta da ƙafa ɗaya a gyare ɗaya kamar ta shaho ba. Auta ta yi dariya cikin hawaye ta ƙarasa. Suka sha shayi da burodin. Mama ta yi ƙorafin an rage sukari a burodin bana, ta ce a gaya wa mai gidan.

Da la'asar Auta ta yi sallama ta fito. Har ta kai bakin titi ta laluba ta ji babu makullin gidanta, ta tuna ta ajiye shi a kan taga lokacin da take shara. Ta juyo. Tana isa ƙofar ɗakin ta ji sautin, ta tsaya cak da hannu a kan labule. Mama ce ke kuka, ƙasa-ƙasa, da alama ta toshe baki da zane don kada mutanen gida su ji. Tana kiran ɗanta, ba da Injiniya ba, da wani suna na yarinta da Auta ba ta taɓa ji ba, tana gaya masa an samu abin, an cire, ƙarami ne, ɗan ƙarami ne.

Auta ta saki labulen. Ta koma baya a hankali ta zauna a kan dakalin da ke gefen ƙofar, jakarta a cinya. Wata yarinyar gidan ta zo wucewa da bokiti za ta gaishe ta, ta ɗora yatsa a baki, yarinyar ta wuce. Ta zauna a nan har sautin ya ragu, ya ɗauke, ta ji an fyace hanci, aka kunna rediyo. Sai da ta ƙara ba ta ɗan lokaci, sannan ta miƙe, ta ja takalmi da ƙarfi a kan siminti, ta yi sallama ta ce ta manta makulli.